Tarihin Hukumar Gina Gidaje ta Birnin Ikko

A shekarar 1924 wata muguwar annoba ta ɓarke a Ikko, irin wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa, ta yi shekaru tana kashe mutane. Da likitoci suka bincika, sai suka tarar cutar ta fi tsanani a tsohon gari, watau cikin tsibiri, inda gidaje suka cunkushe, ba tituna, ba magudanar ruwa, ba wurin zubar da shara. Saboda haka a 1928 Gwamnati ta yi dokar tsara birni, ta kafa Hukumar Raya Ikko, wadda aka fi sani da haruffan LEDB. Aka ba ta ikon karɓar fili ta biya diyya, ta rushe gidan da ke da haɗari ga lafiya, ta cike fadama, ta yanka tituna.

Da fari aikinta bai wuce na tsabta ba. Amma wanda ya rushe wa mutum ɗaki tilas ya nuna masa inda zai kwana, ta haka hukumar ta shiga gina gidaje.

Babban aikinta ya soma a 1955. A lokacin nan mulkin kai ya matso, manya kuwa ba su so baƙi su zo babban birnin ƙasa su ga kangaye a tsakiyarsa. Aka shata wajen eka 70 a tsakiyar tsibiri za a rushe. Waɗanda aka tasa aka kai su Surulere, a ƙetaren ruwa, inda aka gina musu gidajen siminti masu famfo da makewayi, Gwamnati ta sassauta kuɗin haya. Ma'anar sunan nan da Yarabanci ita ce haƙuri yana da riba.

Gidajen sun fi waɗanda aka bari nesa ba kusa ba, duk da haka mutane da yawa suka yi ta kuka, kuma kukansu yana da dalili. Akasarinsu ba ma'aikatan albashi ba ne. Mata masu kasa kaya a ƙofar gida da teloli da 'yan koli, cinikinsu ya dogara ne ga cinkoson tsohon gari. A Surulere ga iska ga fili, amma ba masu saye. Mai son komawa kasuwarsa kuma sai ya biya kuɗin mota kullum, abin da ya rage a haya ya tafi a hanya. Banda wannan, gidajen da aka rushe na gado ne, inda kaka da 'ya'ya da jikoki ke zaune wuri guda, sababbin kuwa an tsara su ne don miji da mata da yaransu. Kowane hakimi ya san abin da rabon gidan gado kan jawo. Aka raba diyya tsakanin magada, da aka zo sayar musu da filayen bayan gyara, kaɗan ne suka iya biya. Ƙarshe dai ba a kai ga rushe duk inda aka shata ba.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Ikko a 1967, sai a 1972 aka haɗe hukumar da takwarorinta na Ikeja da Epe, suka zama hukuma ɗaya mai suna LSDPC. Ƙarfinta ya fi bayyana a zamanin Gwamna Alhaji Lateef Jakande, daga 1979 zuwa 1983, sa'ad da aka gina dubban gidaje masu rahusa a Amuwo-Odofin da Iponri da Isolo da Abesan da sauransu. A wannan karo sayar da su aka yi, aka kuma kafa kamfanin ba da rance domin ƙaramin ma'aikaci ya riƙa biya sannu a hankali. Har yanzu jama'a na kiran unguwannin nan da sunan Jakande.