Jinin Al'ada da Filin Wasa a Makarantun Gaya da Ajingi

Yawancin 'yan mata suna fara ganin jinin al'ada ne tsakanin shekara 10 zuwa 15, wato daga ƙarshen firamare zuwa ƙaramar sakandare. A wannan tsakanin ne kuma da yawansu suke janye jiki daga filin wasa. Yarinyar da take gaba-gaba a tseren gasar gidaje tana aji biyar, sai a wayi gari ta koma gindin darbejiya tana riƙe wa ƙawaye jaka. Idan malami ya tambaya, amsar ba ta wuce "ba ni da lafiya", shi kuma ba ya ƙara tambaya.

Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano kusa da iyakar Jigawa, yanki ne na manoma, kuma 'yan matansa ba baƙin aikin ƙarfi ba ne. Suna daka da surfe, suna ɗebo ruwa a rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa, suna taka doguwar tafiya zuwa makaranta ko kasuwa, ga gaɗa a dandali wadda tsalle ce da juyi tun daga farkonta har ƙarshe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake tsayawa don yarinya tana fashin salla. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba raunin jiki ne yake fitar da ita daga fili ba. Abin da yake fitar da ita shi ne tsoron kada jini ya ɓata mata tufafi a gaban jama'a, da rashin wurin da za ta kimtsa, da ciwon marar da ba a taɓa yi mata bayaninsa ba.

Likitoci sun bayyana cewa jinin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7, kuma a shekarun farko tazarar da ke tsakanin wani zuwan da wani tana iya kaiwa daga kwana 21 zuwa 45 kafin ta daidaita. Wannan rashin tabbas yana da nauyi ga mai wasa, domin baƙon yana iya zuwa ba sallama, tana tsakiyar fili. Ciwon mara kuwa yana faruwa ne saboda mahaifa tana matsewa don ta fitar da shimfiɗar da ta yi a cikinta. Motsa jiki matsakaici, kamar sassarfa da miƙe gaɓoɓi, ba ya cutar da mahaifa, kuma yakan rage wa 'yan mata da yawa zafin ciwon. Gasa mara da ruwan ɗumi a gora yana taimakawa, haka ma maganin rage zafi da ma'aikacin lafiya ya ba da. Amma akwai inda ba a haƙuri: ciwon da yake kwantar da yarinya duk wata, ko jinin da yake jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko wanda ya zarce mako, ko ɗaukewarsa wata uku a jere. Waɗannan na asibiti ne, ko na sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Gaya.

Ƙarancin jini ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne yake rage ƙarfin mai gudu ba tare da an lura ba. Duk wata jiki yana asarar sinadarin ƙarfe tare da jinin, kuma da wannan sinadari ne jini yake kai iska ga tsoka. Yarinyar da nata ya yi ƙasa takan yi haki tun ba a je ko'ina ba, jiri ya ɗebe ta, cikin idonta ya yi fari, a ce mata raguwa ce. Galibin abin da zai gyara yana cikin gida: kwaɗon zogale, wake, alayyahu, rama, hanta da kifi, tare da lemo ko gwaiba ko tumatir masu taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin. Shayi a kan abinci yana rage wannan tsotsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a riƙa ba 'yan mata ƙwayar ƙarin jini a wuraren da matsalar ta yawaita. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi yake haura digiri 40, wasa da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a gefen fili, ya zama dole.

Ta fuskar addini, yarinyar yankin ba ta rasa inda za ta fara ba. A islamiyya ana karanta hukuncin haila a littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Ahalari da Risala, ana koyon ƙidayar kwanaki da wankan tsarki. Abin da aka ɗauke wa mai haila sananne ne, kamar salla da azumi da ɗawafi. Gudu da tsalle ba sa ciki. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malamar islamiyya da za ta haɗa wannan darasi da bayanin lafiya tana da tasirin da wata baƙuwa daga birni ba za ta samu ba, domin iyaye sun riga sun amince da ita. Ita ce kuma za ta iya kwantar da hankalin uwar da take tsoron tsalle zai taɓa budurcin 'yarta, tsoron da ya hana yara da yawa wasa alhali ba a furta shi a fili.

Sai batun kaya. Dokar Kuɗi ta 2019 ta cire harajin VAT daga audugar mata da ake yi a Nijeriya, duk da haka kuɗinta ya fi ƙarfin gidaje da yawa a karkara. Ƙunzugun tsumma ba aibi ba ne idan na auduga ne mai tsabta, aka wanke da sabulu, aka shanya a rana. Matsalarsa biyu ce: kunya takan sa a shanya shi a ƙarƙashin katifa inda ba ya bushewa, sannan yana zamewa idan ana gudu. Audugar da ake ɗinkawa mai maɓalli, wadda ake wankewa a sake amfani da ita, ta magance zamewar, kuma duk telar da ta iya keke za ta iya koyon ɗinka ta. Ko wace iri ce, tana bukatar canji bayan awa 4 zuwa 6, wanda ba zai yiwu ba sai da banɗaki mai ƙofa da sakata, da buta da ruwa. Kano tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 don ilimin 'yan mata, kuma gyaran makarantu da banɗakuna yana cikin ayyukansa.

Damuwar tufafi ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A 2023 gasar tanis ta Wimbledon ta sassauta dokar fararen kaya ga mata, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Ingila kuma ta bar farin wando ta koma shuɗi. A shekarar ce Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga Gasar Cin Kofin Duniya da hijabi, bayan FIFA ta halatta shi a 2014. Makarantar Gaya ko Ajingi tana iya yin nata daidai da al'adarta: dogon wando mai duhu, riga mai sauka ƙasa, ƙaramin hijabi da ba ya harɗe hannu, da lokacin da fili zai zama na 'yan mata su kaɗai. Inda malamin wasanni namiji ne, ana bukatar malama mace a gefensa, wadda ɗaliba za ta iya raɗa wa cewa yau ba ta salla, ta karɓi auduga daga ajiyar ofis, ta zaɓi ko za ta buga ƙwallon raga ko za ta tsaya a miƙe gaɓoɓi kawai.