Jirgin Kano zuwa Maraɗi da Kuɗin Motar Talakan Gwiwa

Duk lokacin da aka ta da zancen layin dogon Kano zuwa Maraɗi, sai ka ji wasu suna cewa an ci bashi don a yi wa Nijar jirgi. Masu wannan magana ba su duba taswira ba. Layin da tsohon Shugaba Buhari ya aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, tsawonsa kusan kilomita 284 ne, kuma akasarinsa cikin Najeriya yake: Kano, Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan ya tsallaka. Akwai kuma reshen da zai nufi Dutse.

Batun tsadar tafiya kowa ya san shi. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta zarce 1,000 a 2024. Amma kuɗin da kwandasta ke karɓa ba shi kaɗai ba ne kuɗin tafiya. Mutumin ƙauyen Gwiwa a jihar Jigawa sai ya fara biyan ɗan acaɓa ya fito da shi bakin titi, ya biya kuɗin buhunsa daban, ya zauna a tasha har mota ta cika, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, gwiwa na gugar gwiwa. In takarda zai kai Dutse, yawanci sai ya ratsa ta cikin jihar Kano kafin ya isa hedikwatar jiharsa, kuma in bai tarar da mai sa hannu ba, ga kuɗin kwana, ga yinin gona ya tafi.

Wannan wahala ba jiya ta fara ba, kuma nan ne aka fi yin shiru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da Turawa suka so ƙara kwasar gyaɗa, sai suka ja layi gabas, ta Ringim da Malam Madori, ya dangana da Nguru a 1930. Garuruwan da ke bakin dogo suka samu tasha da sikeli da kantunan kamfani. Ƙasar Kazaure, masarautar da Ɗan Tunku ya kafa tun wajajen 1819, da maƙwabciyarta Ɓaɓura, aka bar su da jaki da raƙumi. Manomin Roni a ƙasar Kazaure ya noma gyaɗar da ta shiga dalar Kano, amma kuɗin dako a jikinsa ya fita, domin mai saye sai ya cire wahalar hanya kafin ya yi tayi. Da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, aka ƙara masa nisa da fadar gwamnati. Fiye da shekara ɗari ke nan wannan yanki yana biyan harajin nisa, harajin da ba a ba da rasit.

Saboda haka ni a ganina tambayar ba ta Nijar ba ce. Tambayar ita ce ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu a wurin mai gero da riɗi. Tasha a Kazaure ba za ta amfani mutumin Gwiwa ko Ɓaɓura ba muddin kuɗin isa tashar ya fi tikitin jirgin. Haka kuma in aka ware taragu don manyan 'yan kasuwa kawai, ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Husaini Adamu da mai kai mara lafiya Kano za su ci gaba da cunkuso a mota.

'Yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi, me kuke jira? Ku tambayi nawa tikiti zai kasance, ku tambayi ko akwai taragon ƙananan kaya, ku sa hanyoyin ƙauyuka zuwa tasha cikin kasafi tun yanzu. Mu kuma masu karatu, mu daina maimaita zancen da ba mu bincika ba, mu matsa wa wakilanmu su kawo mana waɗannan amsoshi kafin jirgin ya fara busa.