MAZAN JIYA A MATAMAYE: FANSHO KAƊAI BA YA RIƘE GIDA

A ƙasar Matamaye, cikin jahar Damagaram, jama'a ta yi yawa, gonaki kuwa sun ƙanƙance saboda rabon gado. Sojan da ya tuɓe kaki ya komo gida ba safai yake tarar da filin da zai ciyar da iyalinsa ba. In babu sana'a a hannunsa, sai ya zura wa fansho ido.

Mazan jiya da suka yi wa Faransa yaƙi sun san ƙarshen wannan dogaro. Dokar Faransa ta watan Disamba 1959 ta tsayar da kuɗinsu wuri guda: hatsi yana tsada, abin da suke amsa bai motsa ba. Sai a 2007 aka daidaita wani sashe da na takwarorinsu Faransawa, aka kammala a 2011, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A 1944 Amurka ta kafa dokar biya wa tsofaffin sojojinta kuɗin karatu. Mutum kusan miliyan 8 suka ci moriyarta, amma waɗanda suka shiga jami'a ba su kai miliyan 2 da rabi ba. Sauran sun nufi ƙananan makarantu, da koyon sana'a, da horon noma. A Najeriya ma akwai cibiya a Oshodi, cikin Legas, inda ake koya wa soja sana'a kafin a sallame shi.

Rundunar sojan Nijar, wadda aka kafa a 1961, tana sallamar mutane da sauran ƙarfinsu, aiki kuma yana jiran su a Matamaye. Masu rake da kayan lambu a fadamun Korama suna neman mai gyaran injin ban ruwa. Motocin da ke bin hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano suna buƙatar bakanike da mai walda.

Saboda haka ya kamata duk taimakon karatu da hukuma za ta tanadar wa tsohon soja ya haɗa da kuɗin koyon sana'a, da kayan aiki na farko. Wanda bai iya rubutu da lissafi ba, a fara sa shi ajin yaƙi da jahilci, domin mai sana'ar da bai iya ƙidayar ribarsa ba, wani yake yi wa aiki.