Na'urar Da Ke Ƙirga Abin Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru ta Daɗin Kowa ya san tafkuna da tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a wannan yanki, musamman wajejen Rayfield. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, amma tarin yana nan, har masu gini kan ɗebi yashinsa.

A cikin yashin nan akwai ma'adinin monazite mai ɗauke da sinadarin toriyam, wanda ke fitar da wani tiriri da ba a gani, ba a jin warinsa. Ba yadda za a san yawansa sai da na'urar ƙirge. Wadda aka fi sani ita ce ta Geiger da Müller, wadda suka kammala a Jamus a 1928. Duk sa'ad da tiririn ya bugi bututunta sai lantarki ya harba sau ɗaya, ta ƙirga.

To, amma tana da aibu. Bayan kowane bugu takan suma na kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan, kuma abin da ya shigo a lokacin nan ya wuce ke nan. In bugu 5,000 suka zo cikin sakan guda, wajen 3,300 kaɗai za ta nuna. Wato inda tiririn ya fi ƙarfi, nan ta fi rage lissafi. Ba ta kuma iya bambanta toriyam da yuraniyam. Saboda haka masu bincike suka fi dogara ga ƙanƙarar sodiyam ayodaid, mai walƙiya a kowane bugu, wadda ta ninka ta sauri sau ɗaruruwa.

Masu aiki da hasken lesa, wanda Theodore Maiman ya fara kunnawa a Amurka a 1960, su ma wannan matsala ce ke gabansu, tasu ma ta fi tsanani, don akwai lesar da ke walƙawa sau miliyan 80 a sakan. Dole idon lantarkin, da wayar, da kan ƙirgen duk su yi sauri ɗaya. Ko ɗaya ya yi nawa, lissafi ya ɓaci. In kuma aka cika wa na'urar saurin ji, sai ta dinga ƙirga hayaniyar waya.

A Nijeriya, kula da irin wannan tiriri yana hannun hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001.