Bayan An Sako Su: Jinyar Yaron Da Ya Ga Tashin Hankali

Shirinmu na musamman na yau zai duba wata jinya ce da ba a cika zancenta ba a gidajenmu: jinyar yaron da ya ga tashin hankali ko aka ci zarafinsa, jiki ya warke amma hankali ya ƙi kwanciya. Sai a gyara zama.

(Kiɗa)

A watan Afrilun 2014 'yan Boko Haram suka kwashe ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok. A Fabrairun 2018 aka ɗebi 110 a Dapchi ta Jihar Yobe. A Disambar 2020 'yan bindiga suka tafi da yara maza sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ba a yi wata uku ba kuma suka sace 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. Duk ranar da aka sako wasu, mukan ga hotunansu a gidan gwamnati cikin sababbin kaya, likita ya duba su, a miƙa wa iyaye ana hamdala. Daga nan 'yan jarida su watse. Abin da ke biyo baya kuwa, sai wanda ke kwana ɗaki ɗaya da yaron ya sani.

Ɗan shekara goma ya koma fitsarin kwance. Yarinya ta farka tsakar dare da ihu, zufa sharkaf. Babur ya wuce ta bayan gida, yaro ya zabura ya shige ƙarƙashin gado. Wani ya zama mafaɗaci, abu kaɗan sai dambe. Wata ta ɗauke wuta, ba wasa, ba surutu. Ga ciwon ciki da ciwon kai da aka yi ta awo ba a ga komai ba, karatun allo da na boko duk sun daina zama. Kuma ba waɗanda aka sace kaɗai ba. Haka abin yake ga yarinyar da maƙwabci ko ɗan uwa ya yi wa fyaɗe, da yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa, da wanda ya tashi cikin duka ba dare ba rana.

Masana halayyar ɗan Adam sun ce a lokacin firgici, sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari ne ke karɓe ragama, abin da ya faru ya zauna gutsi-gutsi: ƙara, wari, fuska, ba farko ba ƙarshe. Sai ya zama kamar mai gadin da ya taɓa arangama da ɓarayi, ko ganye ya motsa sai ya busa usur. Yara da dama kan dawo daidai cikin 'yan makonni idan suka samu kulawar gida. Idan aka wuce wata guda alamun suna nan, to lokacin neman taimako ya yi.

Mu kuwa me muka saba cewa? "Yi haƙuri, ƙaddara ce, kada na ƙara jin maganar nan." Wasu su ce iskoki ne. Idan fyaɗe ne, sai manya su zauna a sasanta don rufin asiri. Haƙuri da addu'a ba abin yarwa ba ne, su ne ma jigon iyali. Sai dai idan aka rufe bakin yaro, abin da yake fahimta shi ne laifinsa ne, kuma abin kunya ne. A nan ciwon ke yin saiwa.

(Kiɗa)

To yaya ake jinyar? Hanyar da ta fi samun shaidar bincike ita ce wadda ake kira TF-CBT a taƙaice, wadda Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka tsara a Amurka. Yawanci zama 12 zuwa 16 ake yi, kuma ba a fara wa da tambayar me ya faru. Da farko ana sanar da yaro cewa abin da yake ji ba hauka ba ne, wasu yaran ma sun ji. A koya masa jan numfashi a hankali idan gabansa ya faɗi, da sanya wa abin da ke ransa suna: wannan tsoro ne, wannan fushi ne. Sai ya samu natsuwa sannan zai fara ba da labarinsa kaɗan-kaɗan, da baki ko da zane. A nan mai jinya ke tsinto tunanin da ke cin yaron, kamar "da ban fita ɗebo ruwa ba da ba a kama ƙanena ba", su warware shi tare. Uwa ko uba ko mai riƙo na nasa zaman a gefe, ana shirya shi, don ranar da yaron zai karanta masa labarin ya iya saurare ba tare da faɗa ko rushewa da kuka ba.

Akwai kuma wata hanyar da masana na Jami'ar Konstanz ta Jamus suka fito da ita. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, a ce wa yaro wannan bakin ranar haihuwarka ce. A ba shi furanni da duwatsu. Duk abin daɗi ya ajiye fure: sallar da aka ɗinka masa sabon kaya, ranar da ya fara makaranta. Duk abin baƙin ciki ya ajiye dutse. Ɗaya bakin igiyar a bar shi a naɗe, wato rayuwar da ke gaba. Daga nan a riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, har yaron ya gane da kansa cewa dutsen nan yana da rana da wuri, ya faru ya wuce. An gwada wannan hanya a arewacin Uganda a wani bincike da ya ƙunshi matasa 85 da 'yan tawaye suka taɓa tilasta wa shiga yaƙi, zama 8 kacal, aka wallafa sakamakon a 2011, ya nuna sauƙi ƙwarai.

Abin lura shi ne, waɗanda suka yi jinyar a Uganda ba likitoci ba ne, mutanen yankin ne aka horar. Haka aka yi a Lusaka ta Zambiya da yara 257, a binciken da aka wallafa a 2015: alamun firgici sun ragu da kusan kashi 82 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa TF-CBT, sauran kuwa kashi 21. Wannan albishir ne ga Nijeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200.

Mu ma ba a zaune ake ba. A Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, kuma Gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara cikin unguwanni a Keke Napep. Ga waɗanda aka yi wa fyaɗe akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala na Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma duk waɗannan cibiyoyi a birane suke, yaran da abin ya fi shafa kuwa suna ƙauyuka da sansanonin gudun hijira. Ya rage ga gwamnatocin jihohi su horar da malaman makaranta, da malaman Islamiyya, da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi.

Iyaye, ga naku. Idan yaro ya buɗe baki, ku gaskata shi, ku ce masa ba laifinsa ba ne. Kada a matsa masa da tambaya, kada a sa shi maimaita labari gaban 'yan jaje. A nisanta shi da wanda ya cuce shi, ko da ɗan gida ne. Idan fyaɗe ne, a garzaya asibiti kafin awa 72, don a samu maganin kariya daga cutar ƙanjamau. A mayar da shi makaranta da wasa cikin sa'o'insa. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya kare mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. A huta lafiya.