Koyon gurmi a taro: yadda ake yi da abin da ke hana shi tafiya

Ku tuna rabonku da jin gurmi a wurin biki, ba a waya ba. A Bande da Magarya da Dungas, yawancin bukukuwa yanzu lasifika ce da janareto. Tsofaffin da ke da hannu suna nan jefi-jefi a ƙauyuka, amma yaran da ya kamata su zauna kusa da su sun tafi cirani.

Can da kiɗa gado ne. Yaro ya tashi ya ga ubansa da gurmi ko garaya, ya yi shekaru yana ɗaukar masa jaka yana amshi, kafin a bar shi ya taɓa tsirkiya a gaban mutane. Hanya ce mai kyau. Sai dai tana da rauni guda: in ɗa ya ƙi gado, ko ubangida ya rasu ba almajiri, shi ke nan.

Mun ga haka a jiharmu ta Damagaram. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tasker, mushen lakwal ne da ya yi suna da gurmi. A 2002 ya tafi yankin tafkin Cadi wajen Bukar Tar, tsohon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, wani abin kiɗan masuntan Buduma mai siffar kwalekwale da tsirkiya 5. Ya zauna ya koya, kuma bayan rasuwar tsohon ya kai biram har Turai. Shi ma ya rasu a 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, da yau biram sai dai a gan shi rataye a gidan tarihi.

To, mene ne koyo a taro? Malami ɗaya ne da mutum biyar zuwa goma, a zauna a da'ira, kowa da abin kiɗansa a hannu. Turawa sun daɗe suna haka. A Amurka akwai wani abin kiɗa, otohaf, akwati ne mai tsirkiya wajen 36 da maɓallai a kai. In ka danna maɓalli ɗaya sai ya toshe tsirkiyoyin da ba a so, ya bar waɗanda suka dace da juna, don haka wanda ya fara yau ma zai iya bin sauran. Shi ya sa suke taruwa da yawa su koye shi tare. A Yamai kuma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya tun 1989, inda Maman Barka kansa ya yi aiki. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: shantu da kiɗan ƙwarya ai a taron mata ake koyonsu, ba wadda ta je makaranta.

Amma gurmi ba otohaf ba ne, kuma nan ne wahalar take. Ba shi da maɓalli, sandarsa ba ta da alamar inda za a sa yatsa, kunne ne jagora. Ƙari a kan haka, kowane makaɗi yana ɗaure tsirkiyarsa daidai da muryarsa, kuma ƙwaryar wani ta fi ta wani girma. Tara gurmi goma ka ce a kaɗa, sai ka ji kamar kasuwar kaji. Don haka aikin farko a kowane zama shi ne daidaitawa: malami ya taɓa tsirkiyarsa, kowa ya ja tasa har ta hau kan ta malam. Kada a ɗauke shi ɓata lokaci. Wanda ya iya jin cewa tsirkiyarsa ta yi ƙasa ya riga ya ci rabin karatun.

Daga nan sai hannun dama shi kaɗai, kari ɗaya gajere, a yi ta maimaitawa, rabin mutane na tafi rabi na kaɗawa, sannan a juya. Yatsun hagu su biyo baya. Waƙa ce ta ƙarshe, don haɗa baki da hannu shi ke kayar da kowa. Amfanin taro a nan yake: mai jin kunya yana ɓuya cikin sautin ƴan uwa har hannunsa ya faɗa, mai sauri kuma dole ya koyi jiran wasu. Abin da taro ba ya bayarwa shi ne salon mutum na kansa da sanin kirarin gidaje. Wannan har gobe sai an bi ubangida.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa. Iyaye da dama ba su so a ce ɗansu maroƙi ne, wasu kuma suna haɗa garaya da goge da bori. Ba mu raina damuwarsu ba. A ganinmu dai, zama da rana tsaka a fili, da sanin mai gari da iyaye, ya fi yaro ya je yana koyo a ɓoye. Kuma a biya tsohon da ke koyarwa, ko da jika ɗaya ce daga kowa a wata, don shi ma ya bar wani aiki ya zo.

Kayan ba su da tsada: ƙwarya, fata, sanda da tsirkiya, kuma yawancin makaɗa su ke haɗa nasu da hannunsu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, an gama girbin hatsi da gyaɗa, kafin samari su kama hanya. Da damina fata kan saki saboda danshi, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta kusa da wuta, ga shi kuma kowa na gona. Ƴan uwa na waje da ke tambaya me za su aiko, kuɗin gurmi biyar da ɗan abin shayin malam sun isa a fara. Mai waya kuma ya riƙa ɗaukar kowane zama, da izinin malamin, a ajiye da sunansa da na garinsu.