Idan Faifan Linzamin Laftof Ya Daina Dannuwa

Faifan nan da ke ƙasan madannai, wanda ake shafawa da yatsa kibiya ta yi yawo a fuskar kwamfuta, matsalarsa iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda za ka danna ka ji ya yi ƙas, ya sauka ya dawo, amma kwamfutar ba ta amsa ba. Akwai kuma wanda ya ƙage, ko motsi ba ya yi. Na farkon galibi saiti ne ko manhaja. Na biyun ne abin tsoro, da shi za mu fara.

A yawancin laftof na yanzu, batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan. Batirin litiyam idan ya tsufa, ko zafi ya dame shi, sinadaran cikinsa kan fitar da iska. Iskar ba ta da mafita, sai jakar batirin ta kumbura ta cike ɗan giɓin da faifan ke sauka a ciki, giɓin da bai wuce kaurin farce ba. Da fari gefe ɗaya ne zai yi tauri, daga baya duka. Mai kwamfuta kuwa sai ya ƙara ƙarfin yatsa, bai san batir yake matsawa ba.

Gane wannan ba ya buƙatar sukundireba. Kashe kwamfutar, ka cire caja, ka ɗora ta a kan tebur. Idan tana rawa ta ƙi zama daram, ko murfin ya ƙi rufuwa sosai, ko faifan ya ɗago ya fi jikin kwamfutar tudu, ko ka ga baki ya buɗe a inda murfin ƙasa ya haɗu da na sama, to batir ya kumbura. Kada ka sake jona ta da wuta. Kada ka danne ta da littattafai wai ta koma, kuma ko kusa kada a huda jakar don iska ta fita, domin batirin litiyam da aka huda yana iya kamawa da wuta nan take. Kai ta wurin mai gyara a cire shi. Sau da yawa da an cire, faifan zai dawo aiki ba tare da an taɓa shi ba. Tsohon batirin kuma ba na bola ba ne, tunda a bola ake cinna wuta.

Wannan ba ciwon kwamfuta mai araha kaɗai ba ne. A 2018 kamfanin HP ya nemi a mayar masa da wasu baturan laftof saboda haɗarin zafi, a 2019 kuma Apple ya yi haka da wasu MacBook Pro masu inci 15 da aka sayar tsakanin 2015 da 2017. Mu da muke sayen na hannu, batirin ya riga ya sha aiki kafin ya iso, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ɗabi'ar barin ta a caji dare da rana don ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba. Lenovo da Dell da ASUS suna da manhajar da ke tsayar da caji kafin ya cika, a kashi 60 ko 80. A ganina duk wanda kwamfutarsa ke wuni a jone ya kamata ya kunna ta.

Idan batir lafiya lau amma faifan da tauri, a zargi ƙura, ko shayi mai sukari da ya malala ya bushe a gefen. Kwamfutar tana kashe, a zagaya gefen da ƙwaƙƙwarar takarda a hankali, a goge da ƙyalle mai ɗan danshi. Masu MacBook kuma su lura: daga 2015 Apple ya fara sa faifan da ba ya motsi sam, wata 'yar na'ura ce a ciki ke girgiza ka ji kamar ya sauka. Irin wannan idan kwamfutar a kashe take ba zai taɓa dannuwa ba, kuma lafiyarsa ƙalau.

Sai wanda ke yin ƙas amma ba amsa. Jona maus na waya. Idan shi ma ya ƙi danna komai, matsalar ta manhaja ce, a sake kunna kwamfutar. Wani lokaci ma maus mara waya ne a cikin jaka, wani abu ya danne shi, kwamfutar na ganin yatsa bai ɗaga ba. Idan maus ya yi aiki, duba layin madannai na sama, a wasu laftof akwai mai hoton faifan wanda tare da Fn yake kashe shi ko kunna shi, yara kan taɓa shi ba da sani ba. A wasu HP, taɓa kusurwar hagu ta sama sau biyu ne ke kashe shi, wata 'yar fitila ta kama. Daga nan sai Settings na Windows, sashen Touchpad, a tabbatar a kunne yake. A wurin ne kuma ake kunna taɓawa a madadin dannawa, wadda za ta riƙe ka kafin gyara. Idan bayan sabunta Windows abin ya fara, cire direban faifan a Device Manager ka sake kunnawa, zai saka kansa.

Kibiya mai tsalle da zarar an jona caja, ta lafa idan an cire, galibi laifin caja ne, a canza ta. Idan duk an bi waɗannan ba canji, musamman in madannai ma sun mutu tare da shi, saura siririyar wayar da ke haɗa faifan da babban allo na ciki. Ka ce mai gyara ya fara zare ta ya mayar, ko ya gwada wata, kafin a yi maganar sayen sabon faifai, don kuɗinta bai kama ƙafar nasa ba.